Ginin Ƙasa da Ya Raini Shugabannin Arewa

A ranar 5 ga Maris, 1922, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe kwalejin horar da malamai a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Da jar ƙasa aka ɗora ta, ginin gargajiya mai kaurin bango, irin wanda ke riƙe sanyi ko da bazara ta tsananta.

Manufar Turawa ita ce samar da malaman da za su koyar a makarantun larduna. Sai aka riƙa tsamo yara masu hazaƙa daga sassan Arewa. Ahmadu Bello ya iso daga Sakkwato a 1926, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauchi a 1928. Kashim Ibrahim na Borno, da Aliyu Makaman Bida, da Abubakar Imam duk a nan suka zauna gaban allo, suka koyi Turanci da lissafi, da yamma kuma a fita wasan kurket. Bayan shekara 30, waɗannan 'yan makaranta ne suka karɓi ragamar mulki: Ahmadu Bello Firimiyan Arewa, Tafawa Ɓalewa Firaministan Nijeriya, Kashim Ibrahim Gwamnan Jihar Arewa.

A 1938 kwalejin ta tashi zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, inda ta sami sunan Barewa a 1971. Ginin ƙasa kuwa, in aka daina yi masa yaɓe, damina kaɗan ke kai shi ƙasa. Abin da ya ceci na Katsina shi ne sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1959. Yau gidan tarihi ne, yara na shiga azuzuwan da su Sardauna Ahmadu Bello suka zauna.

Mu mutanen Birnin Kudu da Gwaram mun san amfanin irin wannan kariya. Zane-zanen Dutsen Mesa da Dutsen Habude su ma suna cikin jerin kayan tarihin ƙasa, shi ya sa har gobe baƙi ke zuwa ganinsu. Ga kuma Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda ta yaye ɗimbin 'yan Kano da Jigawa, ciki har da Aliko Ɗangote. Tsofaffin azuzuwanta da kundin sunayen ɗalibanta su ma tarihi ne. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe: a adana su tun waɗanda suka zauna cikinsu na raye, suna iya nuna mana kujerar kowa.