Daga gafaka zuwa rumbun kwamfuta: tarihin ajiya a Bauchi

Tun da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi wajajen 1809, ajiyar rubutu a hannun masu shi take. Malami kan kwafi littafi da alƙalaminsa, ya haɗa takardun cikin tadarishi, ya zura a gafaka, ya rataye nesa da gara da yoyon damina. Wasiƙun sarauta kuwa suna wurin magatakarda a fada. Zuwan Turawa a 1902 ne ya sauya tsarin. Aka buɗe fayil-fayil a ofishin Razdan, daga bisani takardun Lardin Bauchi suka koma ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Sun tsira kam, amma ɗan Bauchi mai neman labarin kakanninsa sai ya yi guzuri.

Wannan nisa ya sake dawowa da sabon salo. Hotunan biki, takardun fili da tafsirin azumi yanzu suna cikin wayar da ake iya sacewa, ko a rumbunan Google, inda sai da data ake kaiwa gare su. Shi ya sa manhajojin ajiyar gida suka cancanci kulawarmu. A 2005 Olivier Cochard-Labbé ya ƙirƙiro FreeNAS, wadda ta koma TrueNAS a 2020, sannan Volker Theile ya fara OpenMediaVault a 2009 bisa tsarin Debian. Duka biyun kyauta ne. Suna mai da tsohuwar kwamfuta rumbun iyali, kowa ya zuba ya ɗiba ta Wi-Fi ko babu intanet, kuma suna iya rubuta kowane fayil a faifai biyu, don idan ɗaya ya mutu ɗayan ya tsaya.

Za a ce ina wutar, kuma gobara ko ɓarawo na iya kwashe komai dare ɗaya. Maganar tana da ƙarfi. Sai dai ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi, wadda ita ma ke iya zama rumbun, ba ta cin wuta sosai, madaidaiciyar sola da batir sun ishe ta. Batun gobara kuwa, littattafan da suka iso mana sun iso ne domin almajirai sun yi ta kwafarsu a garuruwa daban-daban. Don haka a bar asali a gida, a kai kwafi gidan ɗan'uwa, wani kuma a ɗora a intanet. Wanda takardar filinsa ke wurare uku, asara ɗaya ba ta raba shi da hujjarsa.