Shirin Athena na Jami'ar MIT

Athena shiri ne na bincike da gwaji a fannin kwamfuta wanda Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, da ke garin Cambridge a Amurka ta gudanar tare da kamfanonin DEC da IBM. An ƙaddamar da shi a watan Mayun 1983 da niyyar ya yi shekara 5, sannan aka ƙara masa 3. Ya ƙare a matsayin aikin bincike ranar 30 ga Yunin 1991, kuma daga nan ya zama tsarin kwamfuta na yau da kullum na jami'ar. Cikin waɗanda suka assasa shi akwai Michael Dertouzos da Joel Moses da Gerald Wilson. Steven Lerman ne daraktansa na farko, Jerome Saltzer kuma ya jagoranci ɓangaren fasaha.

Manufar farko ta koyarwa ce. A lokacin, kwamfutocin jami'a suna hannun masu bincike da ɗaliban fannin, sauran ɗalibai kuwa da ƙyar suke samun rabo. An so a ce ɗalibin gine-gine ko na harsuna ko na injiniya ya samu na'ura a kusa da shi, malamai kuma su rubuta manhajojin darasi. An rubuta manhajojin da dama, amma ba su ne suka fitar da sunan Athena ba. Abin da ya ɗore shi ne hanyoyin da injiniyoyin shirin suka bi wajen warware wata matsala da ta sha musu kai: yadda za a haɗa ɗaruruwan na'urori, na kamfanoni biyu masu gogayya da juna, su yi wa dubban ɗalibai aiki kamar na'ura guda.

Da farko an yi amfani da kwamfutocin VAX 11/750 masu tafiya da Unix na jami'ar Berkeley, inda mutane da yawa ke raba na'ura ɗaya a lokaci guda. Daga baya aka koma kan kwamfutocin tebur da aka jera a ɗakuna daban-daban na harabar jami'ar. Ƙa'idar da aka kafa ita ce kada na'urar da ke ɗakin ta riƙe kayan kowa. Fayilolin ɗalibi suna can a uwar garke. Duk na'urar da ya zauna a gabanta za ta jawo masa su, idan ya tashi kuma ta koma yadda take. Kamar butar masallaci ce, kowa ya ɗauka ya yi amfani ya ajiye wa na baya. Wannan ya sa ma'aikata ƙalilan suka iya kula da na'urori fiye da 1,000. Manhajar Hesiod ce ke gaya wa na'ura inda kayan mutum suke, Moira na riƙe da rajistar masu amfani, Zephyr kuma na isar da saƙon nan take, tun kafin irin wannan hira ta zama ruwan dare.

Sai dai na'urar da kowa ke taɓawa ba abar amincewa ba ce, balle a jami'ar da ɗalibanta suka ƙware wajen kwance abu su ga cikinsa. Masu shirin ba su yaudari kansu ba a kan wannan, har ma kalmar sirrin shugabancin na'urorin ɗakunan ba a ɓoye take ba. Suka ɗauka tun farko cewa ana iya yi wa kowace na'ura kutse, kuma ana iya sauraren duk abin da ya bi ta waya. Daga nan tsarin tantance masu shiga mai suna Kerberos ya fito, wanda Steve Miller da Clifford Neuman suka tsara bisa aikin da Roger Needham da Michael Schroeder suka wallafa a 1978. Idan ɗalibi ya shigar da sunansa, wata uwar garke da ake tsarewa sosai takan aiko masa da saƙo a kulle, wanda ba ya buɗuwa sai da mabuɗin da aka samo daga kalmar sirrinsa. A cikin saƙon akwai tikiti. Kalmar sirrin ba ta barin na'urar da aka buga ta. Da tikitin yake neman izinin shiga fayilolinsa ko wasiƙunsa, kuma bayan 'yan sa'o'i tikitin ya mutu, don haka wanda ya sace shi ba zai daɗe yana cin moriyarsa ba. A nan ne hikimar Athena ta fi bayyana, domin an tattara amana a wuri ɗaya ƙarami da za a iya gadinsa, maimakon a baza ta a kan kowane tebur.

Ɗaya gadon shi ne X, tsarin nuna tagogi a allon kwamfuta, wanda Bob Scheifler da Jim Gettys suka fara a 1984 daga wani tsari mai suna W na jami'ar Stanford. Da shi manhaja kan yi aiki a wata na'ura can nesa, hotonta ya bayyana a allon da ke gaban mutum, ko na wane kamfani ne. Sigar X11 ta fito a watan Satumban 1987, kuma saboda MIT ta sake ta ga kowa da sharuɗɗa masu sauƙi, ta zama abin dogaro a duniyar Unix, daga baya kuma Linux, tsawon gomman shekaru.

Kerberos bai fita waje da sauƙi haka ba. Dokar Amurka ta wancan zamani ta ɗauki fasahar kulle bayanai a matsayin kayan yaƙi, ta hana fitar da ita. MIT ta cire ɓangaren kullewar ta fitar da sauran da sunan Bones, masana a Ostareliya da Suwidin kuma suka mayar masa da abin da aka cire da hannunsu. An wallafa ƙa'idojin siga ta 5 a 1993, Microsoft kuma ta ɗauke ta a matsayin babbar hanyar tantance masu shiga a Windows 2000, kuma har yau ana amfani da ita a ofisoshi da bankuna da jami'o'i.