Zomo Mai Shuɗiyar Riga: Tarihin Wani Zane

Dabba mai magana ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi yana sauraron tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Abin da wannan ɗan rubutu zai duba shi ne yadda wani zomo na wasa ya fito daga cikin littafi, ya hau kan kofin shayi da bangon ɗaki da katin gaisuwa, har ya zama dukiya.

Mai zanen ita ce Beatrix Potter, wadda aka haifa a birnin Landan a 1866. Tun tana yarinya take kiwon zomaye da ɓeraye a gida, tana zana su. Ta kuma daɗe tana nazarin naman kaza, har aka gabatar da takardarta a gaban ƙungiyar masana ta Linnean a 1897, ba tare da ita kanta ta halarta ba, domin a lokacin ba a shigar da mata. A ganina, nan ne asirin zanenta yake. Zomon nata ya sa riga, yana tafiya da ƙafa biyu, amma ƙirar jikinsa da zaman kunnuwansa duk na zomon gaske ne. Wannan ne ya sa babba ma yakan tsaya ya duba.

A 1893 ta rubuta wa wani yaro marar lafiya wasiƙa, ɗan malamar da ta taɓa koyar da ita a gida, ta ƙawata ta da zanen wani zomo mai ƙiriniya, Peter Rabbit. Da ta mayar da labarin littafi, maɗaba'u da dama suka ƙi karɓa, sai ta buga kwafi 250 da kuɗinta a 1901. Kamfanin Frederick Warne ya fitar da shi da launi a 1902, aka yi ta rububinsa.

Sai dai kamfanin ya yi sakaci bai yi rajistar haƙƙin mallakar littafin a Amurka ba. Masu satar fasaha suka yi ta bugawa a can, ko sisi bai shigo hannun mai shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Wajen kayan wasa kuwa ba ta bari an sha gabanta ba. A 1903 ta ɗinka 'yar tsanar zomon da hannunta, ta yi mata rajista a ofishin gwamnati. Daga nan sauran kaya suka biyo: takardar manna wa bango, da littattafan shafa launi, da kayan shayi na tangaran. Ta kan duba samfurin kaya da kanta, wanda bai yi kama da zomonta ba ta ƙi shi. Bayan rasuwarta a 1943, kamfanoni irin su Wedgwood suka ci gaba da ɗora zanen a kan faranti da kofunan yara.

Ina kuɗin suka tafi? A 1905 ta sayi gonar Hill Top a yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, ta ci gaba da sayen filaye tana kiwon tumaki, don kada magina su cinye yankin. Ta bar wa ƙungiyar National Trust fiye da eka 4,000, kuma har yau masu ziyara na shiga gidanta na Hill Top.