Gidan Sarkin Musulmi Bello a Wurno da Aikin da ke Jiran Marubuta

Duk wanda ya taso daga Sakkwato ya yi arewa maso gabas kan hanyar Goronyo, in ya ratse ya shiga Wurno, zai iske gari ne madaidaici a bisa tudu, ga fadamar Gulbin Rima shimfiɗe a ƙasansa, cike da albasa da tafarnuwa da shinkafa. Baƙo ba zai yi zaton daga nan aka taɓa juya akalar Daular Usmaniyya ba. Amma a tsohon garin akwai gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da hubbarensa, inda har yau jama'a daga Rabah da Taloka da sauran wurare ke zuwa ziyara.

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1781, ya zama Sarkin Musulmi a 1817 bayan rasuwar mahaifinsa. Sarautar ta same shi cikin halin ɗar-ɗar, domin Gobirawa da Azbinawa ba su daina kawo hari ta kwarin Rima ba. Wannan ne ya sa ya ɗauki tsarin ribaɗi, wato kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da malamai da mayaƙa da manoma da masu sana'a wuri guda. Wurno ita ce babbar ribaɗinsa, ya gina gida a cikinta, ya kuma zaɓi ya ƙare rayuwarsa a can, duk da cewa Sakkwato ce hedkwatar daula. A nan Allah Ya yi masa rasuwa a 1837, shekara guda bayan nasarar Gawakuke, a nan kuma aka yi masa makwanci.

Mu marubuta muna da dalili na musamman na ɗaukar wannan gida kamar namu. Mai gidan marubuci ne. Shi ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, littafin da har gobe masu binciken tarihin jihadi da ƙasar Hausa ba sa iya tsallake shi, ya kuma yi rubutu a kan siyasa da shari'a da magani, har da ciwon ido da basur.

Bayansa ma garin bai mutu ba. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, a Wurno ya fi zama, kuma a zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka garin a 1853. Sarkin Musulmi Abdurrahman ma a nan ya rasu a 1902. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai harkar mulki ta tattara ta koma birni, Wurno ta zama garin hakimi da manoma da masu ziyara.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannun mutane. Tubali da azarar giginya da makuba suna iya kai ɗaruruwan shekaru, amma da sharaɗin a riƙa yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a toshe ɓaraka tun tana ƙarama. Ranar da aka daina, ruwa zai yi aikinsa. Ranar kuma da mai kyakkyawar niyya ya zo da siminti da kwano, ginin zai tsaya, amma fasalinsa na asali ya tafi ke nan. Ziyara tana kiyaye kabari, ba lalle ne ta kiyaye zauren da aka yi shari'a ko ɗakin da aka yi rubutu ba.

Wasu sun riga mu gane haka. A Amurka, gidan shugabansu na farko, George Washington, ya kama hanyar lalacewa, gwamnati ta ƙi saye, sai wata ƙungiyar mata ta tara gudummawa ta ƙulla cinikinsa a 1858 a kan dala 200,000, kuma har yanzu ita ke riƙe da shi. Nan gida ma, Gidan Makama da Gidan Ɗanhausa a Kano sun nuna cewa ginin ƙasa yana tsayuwa in an ba shi mai kula.

Mu ba magina ba ne, amma muna da gadon da ya dace da mu. Bayan rasuwar Bello, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta Alkashfu wal Bayan a kan halayensa, Nana Asma'u kuma ta yi masa marsiyya, ta tsara Gikku Bello da Fulatanci. Ba su jira ƙwaƙwalwar mutane ta dushe ba. Marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, shi ma ya bi sawunsu wajen tattara tarihi.

Saboda haka kiranmu ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, shi ne a ɗauki littafi da biro a tafi Wurno. A zauna da dattawa da masu kula da hubbare, a tambayi sunan kowace ƙofa da kowace shiyya, a ji wane sashe ne tsoho, wane ne aka sake, wa ya sake shi, a wace shekara. A auna, a zana, a ɗauki hoto, a rubuta da Hausa yadda ɗan firamare zai fahimta. Bango in ya faɗi ana iya tayar da shi muddin akwai bayaninsa a rubuce, amma dattijon da ya san bayanin in ya kwanta dama, babu maginin da zai dawo da abin da ya tafi da shi.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.