Asalin Sunan Reindorf a Ƙasar Gana

A Ankara, babban birnin Gana, akwai wani sunan iyali da ba a cika jinsa ba ko a ƙasar Jamus, wato Reindorf. Masu sunan baƙar fata ne, 'yan ƙabilar Ga, amma kalmar ta Jamusanci ce. A wannan harshe "dorf" ƙauye ke nan, kuma har yau akwai unguwanni masu suna Rheindorf a bakin kogin Rhein, wajen biranen Bonn da Leverkusen. Tun da daɗewa Jamusawa sukan kira mutum da sunan garinsu, kamar yadda Hausawa ke cewa Aminu Kano ko Shehu Shagari, daga baya sunan ya bi 'ya'ya da jikoki.

To, yaya sunan ya ƙetare teku? Mutanen Danmak sun riƙe wata ganuwa a Osu, gefen Ankara, mai suna Christiansborg, inda aka yi cinikin zinariya da bayi. Cikin sojoji da ma'aikatansu akwai Jamusawa, gama sarkin Danmak yana mulkin Holstein, ƙasar masu jin Jamusanci. Turawan nan sukan auri matan Ga, 'ya'yansu kuwa su gaji sunayen iyayensu maza. A 1850 Danmak ta sayar wa Ingila ganuwarta, amma sunayen suka zauna.

Wanda ya fito da wannan suna shi ne Carl Christian Reindorf, da aka haifa a Prampram a 1834. Ubansa soja ne a ganuwar, uwarsa kuwa 'yar Ga ce. Ya yi karatu wurin Mishan na Basel, wanda ya iso ƙasar a 1828. Ya yi aikin katikis da koyarwa shekaru da yawa, aka naɗa shi fasto a 1872.

Abin da ya dame shi shi ne, tsofaffi suna mutuwa da labarin ƙasa a bakinsu. Sai ya riƙa bin su yana tambaya yana rubutawa, maza da mata fiye da 200. Ya fara rubuta littafinsa da harshen Ga, kana aka buga shi da Turanci a birnin Basel a 1895. Tarihin Gwalkwas ne da Asante, yana kuma cikin littattafan tarihi na farko da ɗan Afirka ta Yamma ya rubuta game da mutanensa. Ya rasu a 1917.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Wannan suna ya shigo ta ƙofar ganuwar bayi, amma bawan Allah ɗaya ya juya shi, har ya zama ana tunawa da shi saboda bishara da kiyaye tarihin kakanni. A ikilisiyoyi da yawa akwai tsofaffin da suka ga zuwan masu bishara na farko, suna jiran mai tambayarsu tun suna da rai.