Tarihin Koyon Kiɗan Fata a Wudil da Ƙasar Kano

Kiɗan fata shi ne na kayan da ake rufe bakinsu da fata, kamar kalangu, kotso, taushi, jauje, ganga da tambari. Kotso da taushi da yatsu ake kaɗa su, sauran kuma da makaɗi. A ƙasar Kano sana'ar daɗaɗɗiya ce. Littafin Tarihin Kano ya ambaci wani ɗan sarautar Barno, Dagaci, da ya iso zamanin Sarki Dauda (1421-1438) da ganguna da tutoci, ya kuma ce a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka fara busa kakaki. Malaman jihadin 1804 sun soki kiɗan sharholiya, amma sun ƙyale na yaƙi da na shela, fada kuwa ba ta rabu da makaɗanta ba.

A al'ada kowane rukuni da kiɗansa. Tambari na sarki ne, gangar noma ta manoma, talle na mafarauta, kalangu na mahauta. Wannan ya sa garuruwa irin Wudil suka zama wuraren neman abincin makaɗa: ga hakimi, Makaman Kano, ga gonakin bakin kogi inda ake gayya, ga babbar kasuwar shanu mai ci ranar Juma'a. Inda mahauta suka taru akwai dambe, damben gargajiya kuwa ba ya armashi sai da kalangu.

Koyon sana'ar kuwa ba makaranta ake shiga ba, gado ne. Yaro kan fara da ɗaukar kaya da amshi. Daga nan a rataya masa kuntuku, ƙaramin abin kiɗa mai murya ɗaya, ya yi ta bugu har hannunsa ya daina sauri ko jinkiri. Sai ɗan karɓi, sannan babban kalangu, inda zai koyi matsa tsarkiya a hammata don muryar ta hau ko ta sauka yadda maganar Hausa take yi. Abin da ya fi wuya, wanda kuma ya fi cancantar yabo, shi ne haddace take. Dole makaɗi ya san taken kowane gida da kowane ɗan dambe, ya san wane ɗan wa ne, jikan wa ne. Da haka ya zama ma'ajiyar asalin mutanen garinsa, duk da cewa an daɗe ana yi wa sana'arsa kallon roƙo, har wasu gidaje ba sa ba shi aure.

Rediyo da faifai sun kai kalangun Mamman Shata (ya rasu 1999) da kotson Musa Ɗanƙwairo ko'ina. Daga shekarun 1990 fiyano da sitidiyo suka karɓe yawancin bukukuwan aure, 'ya'yan makaɗa da dama suka koma wasu sana'o'i. Yau an fi jin kiɗan fata a hawan salla, naɗin sarauta, filin dambe da tarukan siyasa.