Furotin ɗin garkuwar jiki da ke tona asirin sankarar ɓargo

Sankarar jini iri-iri ce. Ɗaya daga cikin waɗanda ke kama manya, galibi masu shekara 60 zuwa sama, ita ce wadda likitoci ke rubutawa da Faransanci "myélome multiple". A cikin ɓargo take farawa, daga ƙwayoyin filasma, waɗanda aikinsu ƙera furotin ɗin da jiki ke yaƙar cututtuka da shi. A jikin mai lafiya wannan furotin kala-kala ne, kowane da cutar da yake tarewa. Idan ƙwaya ɗaya ta lalace ta yi ta hayayyafa, sai ta cika jini da kala ɗaya tak, wanda bai kare komai. Shi ake kira furotin M. Gwajin jini mai suna "électrophorèse des protéines" ke nuna shi.

Tun cikin shekarun 1840 wani likitan Landan, Henry Bence Jones, ya bayyana guntayen irin wannan furotin a fitsarin majinyaci: in an ɗumama fitsarin sai ya yi gudaji, in ya tafasa sai gudajin ya narke. Har yau da sunansa ake kiransu, kuma su ne ke toshe ƙoda.

Wani furotin, beta-2 microglobuline, shi ke nuna nisan da cutar ta yi. A ma'aunin ƙasa da ƙasa na 2005, miligiram 5.5 ko fiye a litar jini mataki na uku ne, mafi tsanani.

Sai dai ganin furotin M ba hukuncin sankara ba ne, kuma nan ne mutane ke firgita a banza. Kimanin kashi 3 cikin 100 na waɗanda suka haura 50 suna ɗauke da shi ba ciwo, kuma a shekara kusan 1 cikin 100 ne kawai nasu ke juyewa cuta. Binciken da aka wallafa a 2007 kan mazan birnin Accra ya samu wannan yanayi ya kusan ninka na Turawan Amurka sau biyu.

Dattijon da ke fama da ciwon baya da ya ƙi jin magani, ga ƙarancin jini, ga yawan kamuwa da cututtuka ko matsalar ƙoda, ya dace a tambayar masa wannan gwaji. Tabbatar da cutar kuwa sai an ɗebi ɓargo an duba.